Gudun harajin 1% na Amurka: lissafin katin bashi kafin a aiko da kuɗi gida

Daga ranar 1 ga watan Janairun 2026, duk wanda ya shiga shagon aika kuɗi a Amurka da tsabar dala a hannu domin ya turo wa iyalinsa a Yamai, Kumasi, Garwa ko Njamena, zai biya harajin kashi 1 cikin 100 na abin da ya aika. Harajin yana cikin babbar dokar haraji da kashe kuɗi da shugaba Donald Trump ya sa wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025. Da farko kashi 5 aka nema a majalisar wakilai, aka sauko zuwa 3.5, majalisar dattawa ta tsayar da shi a 1. Bai bar ɗan ƙasa ba, bai bar baƙo ba, kuma masu yi wa majalisar lissafi sun yi hasashen zai tara wa gwamnati kusan dala biliyan 10 cikin shekaru goma.

Sai dai dokar ta bar ƙofa a buɗe. Harajin yana hawa ne kan tsabar kuɗi da takardun da ke zaman madadinta, kamar takardar kuɗi ta gidan waya da cakin da banki ke yankawa da sunansa. Wanda ya biya daga asusunsa na banki, ko da katin cire kuɗi, ko da katin bashi da aka ba shi a Amurka, ba ruwan harajin da shi. Na ƙarshen nan ne abin dubawa. Direban tasi a Bronx ko mai aikin sito a Greensboro da ya ji cewa kati yana kuɓutar da mutum daga haraji, yana iya zaro katin bashi daga aljihu yana ganin ya yi dabara, alhali gudun gara ya yi ya faɗa gidan zago.

Kafin a shiga lissafi, akwai ruɗanin suna da ya kamata a warware. A ƙasashen da ke aiki da Faransanci, kusan kowane katin banki ana ce masa carte de crédit. Katin GIM-UEMOA da ma'aikaci ke cire albashinsa da shi a Damagaram, da katin Visa da ɗan kasuwar Briqueterie a Yawunde ke zuba wa kuɗi kafin ya yi odar kaya daga Dubai, duk ba katunan bashi ba ne. Kuɗin mai katin ne ke fita, in sun ƙare katin ya tsaya. Katin bashi na gaskiya kuwa kuɗin banki ne ke cikinsa. Banki ya yanke wa mutum iyakar abin da zai iya ci, ya turo masa takardar lissafi a ƙarshen wata, ya ba shi kwanaki aƙalla 21 ya biya. In ya biya duka, ba a ɗora masa ko sisi a kan sayayyar da ya yi. In ya biya wani abu ya bar saura, sauran ya fara haihuwa.

Waɗannan kwanaki na sassauci na sayen kaya ne kawai. Cire tsabar kuɗi da katin bashi wani babi ne daban, kuma bankuna da dama suna lissafa aika kuɗi ta kamfanoni irin su Western Union ko MoneyGram a wannan babin. A ɗauki misalin wanda zai aika dala 500, wajen jika 280 na sefa a canjin ƙarshen 2025. Dalar Amurka ake nufi, ba dalar kasuwar Maradi mai sefa 5 ba. In ya biya da tsaba, harajinsa dala 5 ne. In ya biya da katin bashi kuma bankinsa ya ɗauke shi a matsayin cire kuɗi, nan take za a caje shi la'adar da galibi kashi 5 ce, wato dala 25. Ruwa kuma ya fara gudu tun daga wannan ranar, a farashin da ya fi na sayayya tsada, wanda a katuna da yawa ya kusa kashi 30 a shekara. Wannan ya haura dala 12 a kowane wata. Ko da ya biya bayan wata guda, ya kashe kusan dala 37 don ya tsere wa dala 5. Ba a ma sa kuɗin da shi kansa kamfanin aikawar ke ƙarawa ga mai biya da katin bashi ba.

Duk wannan yana hawa ne a kan tsadar da dama take nan. Alƙaluman Bankin Duniya sun daɗe suna nuna cewa Afirka kudu da Sahara ce yankin da aika masa kuɗi ya fi tsada a duniya, kusan kashi 8 cikin 100 a kan dala 200, yayin da muradun Majalisar Ɗinkin Duniya ke neman a sauko ƙasa da kashi 3 kafin 2030.

Ƙasar da ba ta da rufin ruwa

Bashin kati a Amurka ya haye dala tiriliyan 1 a karon farko a tsakiyar 2023, in ji reshen babban bankin ƙasar da ke New York, kuma ya kai tiriliyan 1.2 a ƙarshen 2024. Hukumar kare masu hulɗa da bankuna ta CFPB ta bayyana a farkon 2024 cewa matsakaicin ruwan da ake ɗora wa masu barin saura ya tashi daga kashi 12.9 a 2013 zuwa 22.8 a 2023. Wani ɓangare na tashin daga babban banki ne, wanda ya yi ta ɗaga farashinsa don yaƙar tsadar rayuwa. Amma hukumar ta nuna cewa ribar da bankunan ke ɗorawa a sama da wancan farashin ita ma ta kai matsayin da ba ta taɓa kaiwa ba. Shi ya sa ɗan sassaucin da babban bankin ya fara yi daga baya bai sauya wa mai kati wani abin kirki ba.

Mai karatu a Nijar, Benin, Togo ko Kodibuwa zai yi mamakin jin cewa ta fuskar doka ya fi Ba'amurke kariya. A ƙasashen UEMOA, a Janairun 2014 an tsayar da rufin ruwa a kashi 15 ga bankuna, kashi 24 ga ƙananan cibiyoyin ajiya da lamuni. Wanda ya haura ya taka doka. A Amurka babu irin wannan rufin a matakin tarayya. Wani hukuncin kotun ƙoli na 1978 ya bai wa banki damar aiki da dokar jihar da yake zaune a kan duk abokan hulɗarsa, ko ina suke. Jihohin Dakota ta Kudu da Delaware suka cire rufinsu, manyan bankuna suka kwashe sashen katunansu suka koma can. A lokacin yaƙin neman zaɓen 2024 Trump ya yi alƙawarin tsayar da ruwan kati a kashi 10 na wani ɗan lokaci, kuma a Fabrairun 2025 sanatoci Bernie Sanders da Josh Hawley, waɗanda ba su cika haɗuwa a kan komai ba, suka gabatar da ƙudurin hakan na shekara biyar. Har yanzu bai zama doka ba. Wanda bashi ke kansa ba zai yi lissafi da alƙawarin ɗan siyasa ba.

Akwai wuri guda da rufin yake. Ƙungiyoyin ajiya da lamuni masu rajistar tarayya, waɗanda suka yi kama da mutuelle a nan yankin, ba sa wuce kashi 18 a kan mafi yawan rancensu, har da kati. Ga mai neman kati mai sauƙin ruwa na dindindin, nan ya kamata ya fara leƙawa kafin ya amsa wasiƙun tallan da ke cika masa akwati.

Sauya wa bashi gida

Mafi jan hankali a cikin waɗannan wasiƙu ita ce mai ɗauke da 0% da manyan haruffa. Tayin shi ne: mutum ya buɗe sabon kati a wani banki, sabon bankin ya biya tsohon, bashin ya dawo hannunsa, kuma ba zai ɗora ruwa ba na tsawon wata 12, ko 15, ko 18, wani lokaci har 21. A Ingila garaɓasar takan haura wata 30. Ba yaudara ba ce. Ga wanda ya san abin da yake yi, babu wata hanya mafi araha ta fita daga bashin kati. Amma banki ba gidan sadaka ba ne, kuma ya san inda ribarsa za ta fito.

Ta farko tana fitowa tun ranar ƙaura. Ana cajin la'adar kashi 3 zuwa 5 na abin da aka kwaso, a ɗora a kan bashin. A ɗauki mai bashin dala 4,000 a kati mai ruwa kashi 22. A watan farko kaɗai ruwansa ya kai dala 73. In ya ƙudura biya cikin wata 18 ba tare da ya motsa ba, zai riƙa ba da kusan dala 263 a wata, ruwan da zai biya gaba ɗaya ya kai wajen dala 730. In ya ƙaura zuwa katin 0% na wata 18 mai la'ada kashi 3, bashin ya zama 4,120. A raba gida 18, dala 229 ke nan a wata. Ya tsira da fiye da dala 600, kuɗin da ya isa hidimar komawa makarantar yara a gida har da saura.

Lissafin yana canza fuska in wa'adin ya gajarta. La'adar kashi 3 a kan wata 18 daidai take da ruwan da bai kai kashi 4 a shekara ba. La'adar kashi 5 a kan wata 6 kuwa ta kusa kashi 17 a shekara. A kan waccan dala 4,000, mutum zai biya la'adar dala 200 don ya guje wa ruwan da bai wuce dala 260 ba. Wahalar cike takardu ma ta fi ƙarfin ribar. Don haka lambobi biyu ne ake haɗawa a duba, tsawon wa'adi da girman la'ada, kuma katin da ya fi kowane tsawo ba lallai shi ne ya fi dacewa ba. Wanda zai iya gamawa cikin shekara guda ya fi cin riba da kati mai gajeren wa'adi da ƙaramar la'ada.

Riba ta biyu, wadda ita ce babbar, tana jiran wanda bai raba bashin gida 18 ba. Takardar wata ba za ta ce ya biya dala 229 ba. Za ta nuna masa mafi ƙarancin abin da banki zai karɓa, wanda a lokacin garaɓasa yake da sauƙi ƙwarai. A ce dala 40 ne. Mutum ya ji nauyi ya sauka, ya riƙa biyan 40 ɗin yana tura sauran gida ko yana toshe wata ɓaraka. Bayan wata 18 ya biya dala 720, saura 3,400, ruwan katin na asali ya sauko a kansu. In kashi 25 ne, dala 70 ke nan a wata. Ya koma daidai inda ya taso shekara ɗaya da rabi da ta wuce, ga kuma tsohon katin da ya bari fanko, wanda da wuya a ce bai sake taɓa shi ba. A nan ne akasarin masu ƙaura ke faɗuwa: bashin bai ragu ba, ya zama biyu.

Sauran tarkunan ƙanana ne amma suna cizo. Sabon katin ba na cefane ba ne. In garaɓasar ta ƙaurar bashi ce kaɗai, duk abin da aka saya da shi yana iya fara cin ruwa daga ranar sayen, domin kwanakin sassauci na wanda ya biya lissafinsa duka ne, shi kuwa yana ɗauke da tsohon bashi. Dokar katunan bashi ta 2009 da Barack Obama ya sa wa hannu ta tilasta wa banki ya kai duk abin da ya haura mafi ƙarancin biya zuwa ga ɓangaren da ya fi tsadar ruwa, amma shi mafi ƙarancin, banki ne ke zaɓar inda zai sa shi. Haka kuma garaɓasar ba ta rufe cire tsaba, saboda haka aika kuɗi gida da katin 0% yana nan da tsadarsa kamar yadda aka lissafa a sama. Ba a ƙaura tsakanin katuna biyu na banki ɗaya. Akwai wa'adin yin ƙaurar, galibi wata biyu zuwa huɗu daga buɗe katin. Ƙaurar kanta takan ɗauki kwanaki, wani lokaci makonni, kuma wanda ya daina biyan tsohon katin tun kafin ya ga an share shi zai sha tara. Tarar makara tana kaiwa dala 30 a karon farko, dala 41 in aka maimaita. Hukumar CFPB ta yi yunƙurin sauko da ita zuwa dala 8 a 2024, wata kotun tarayya a Texas ta soke matakin a Afrilun 2025. Wanda ya makara fiye da kwana 60 kuwa, doka ta yarda banki ya janye masa garaɓasar gaba ɗaya.

Akwai kuma wani tayin da ya yi kama da 0% amma ba shi ba ne, kuma shagunan kayan ɗaki, na waya da wasu asibitocin haƙori ne suka fi yin sa. Ana ce wa mutum babu ruwa in ya gama biya cikin wata 12. Kalmar "in" ɗin nan ita ce komai. Ruwan yana taruwa a ɓoye tun ranar sayen. Wanda ya sayi kayan dala 1,200 ya biya 1,100, dala 100 ta rage ranar da wa'adi ya cika, za a sauke masa ruwan shekarar duka, wanda a farashin katunan shaguna na kusan kashi 30 ya kai wajen dala 200.

Wa ake ba wa?

Abin takaicin shi ne katin 0% ba ya zuwa hannun wanda ya fi buƙatarsa. Bankunan Amurka suna duba makin biyan bashi, wanda kamfanin FICO ke lissafawa daga 300 zuwa 850 bisa bayanan da Experian, Equifax da TransUnion ke tarawa. Kusan kashi 35 na makin daga biya a kan lokaci yake, kashi 30 daga yawan abin da mutum ya ci idan aka gwada da iyakar da aka ba shi. Tayi mai kyau galibi na masu maki 670 zuwa sama ne. Wanda katunansa suka cika har wuya, makinsa ya riga ya faɗi. Ko an karɓe shi, ana iya ba shi iyakar dala 1,500 alhali bashinsa 4,000 ne. Kowace buƙata da ya shigar kuma tana ɗan rage masa maki, don haka bin bankuna ɗaya bayan ɗaya yana ƙara dagula lamarin. Yawancin bankuna suna da shafin gwaji da ke nuna ko za a karɓi mutum ba tare da an taɓa makinsa ba.

Sabon zuwa kuwa ba shi da maki ko kaɗan. Dattijon da ya shekara ashirin yana karɓar kaya bashi a Kantin Kwari ko kasuwar Dantokpa bai taɓa saɓa alƙawari ba, ranar da ya sauka a New York kwamfutar banki ba ta san shi ba. Amanar zango ba ta tsallake teku. Hanyar da aka saba bi ita ce katin jingina: mutum ya ajiye dala 200 ko 300, a ba shi kati mai iyakar hakan, ya riƙa ɗan saye yana biya duka kowane wata har tarihi ya ginu.

A Ingila tsarin kusan ɗaya ne, da ɗan bambanci. Farashin da aka tallata, doka ta ce kashi 51 cikin 100 na waɗanda aka karɓa kawai ya wajaba a ba su shi, sauran ana iya ba su mafi tsada, kuma wa'adin 0% da aka rubuta "har zuwa" yana iya zuwa a gajarce. Makara sau ɗaya tana iya cinye garaɓasar. Tun 2018 hukumar FCA ta wajabta wa bankuna su tuntuɓi duk wanda ya yi wata 18 yana biyan ruwa da caji fiye da uwar kuɗin, in abin ya kai wata 36 su fito masa da tsarin biya, ko da zai kai ga dakatar da katin.

Faransa, inda ɗalibai da ma'aikata da yawa daga Nijar, Kamaru da Chadi suke, ba ta da al'adar ƙaurar bashi a 0%. Katin banki na yau da kullum, ko da mai cire kuɗi a ƙarshen wata ne, ba ya cin ruwa. Abin da ya yi kama da katin Amurka shi ne crédit renouvelable, wanda kamfanoni irin su Cetelem, Cofidis da Sofinco ke bayarwa, sau da yawa a manne da katin babban kanti. Dokar Lagarde ta 2010 ta ɗaure shi: bashin da bai wuce yuro 3,000 ba dole a gama shi cikin wata 36, wanda ya haura cikin wata 60, kuma katin kanti dole ya biya da kuɗin mai shi sai in shi ya zaɓi bashi da kansa. Babban bankin Faransa yana fitar da rufin ruwa, amma ga ƙananan rance rufin ya haura kashi 20. Mai son sauƙi a can yakan nemi rance mai tsayayyen wa'adi ya biya na katin, ko ya haɗe basussukansa wuri guda. Wanda ya kasa biya kuma sunansa yana iya shiga rajistar FICP har shekara biyar.

Haɗe bashin nan shi ne abin da ma'aikatan gwamnati a Yamai, Kwatano ko Marwa suka sani da rachat de crédit. Wani banki ya sayi bashin malamin makaranta daga bankinsa, da sharaɗin albashinsa ya koma can. Tambayoyin ba su canza ba. Nawa ne kuɗin buɗe fayil da inshora, nawa tsohon bankin zai caja don an biya shi kafin lokaci, kuma shekara nawa aka ƙara? Abin da ake cirewa a wata yana iya raguwa alhali jimillar ta ƙaru. Lambar da ke faɗin gaskiya ita ce TEG a nan, TAEG a Faransa, APR a Amurka da Ingila, tare da jimillar abin da za a biya daga farko har ƙarshe.

Ga mafi yawan masu karanta wannan shafi akwai tambayar da ta riga lissafi, wato ta riba. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC, a zamanta na Riyad a shekarar 2000, ta yanke cewa bai halatta a yi hulɗa da katin bashi mai sharaɗin ruwa ba, ko da mai shi ya ƙudura biya cikin kwanakin sassauci. Ta yarda da tsayayyen kuɗin hidima wanda ba ya bin girman rancen ko tsawonsa. A wannan ma'auni katin 0% bai fita ba, tunda sharaɗin ruwan yana cikin yarjejeniyar kuma la'adarsa tana bin yawan kuɗin. Akwai malaman da ke sassauta wa mazauna ƙasashen da hayar gida, hayar mota da kama ɗakin otal ke da wuya ba tare da kati ba, bisa sharaɗin biya duka kowane wata. Akwai kuma masu ganin wanda ruwa ya riga ya kama, in ƙaura za ta gaggauta fitarsa, rage ɓarna ce. Wannan hukunci ne da mutum zai kai wa malamin da ya yarda da shi, da takardar yarjejeniyar a hannu, ba da tallan ba.

Su ma na gida suna da hannu a lissafin. Kuɗin da aka karɓa a tagar Nita, Amana ko Al Izza, ko suka shigo waya ta Orange Money ko MoMo, ba sa zuwa da alamar ko albashi ne ko rance. Mai aikowa kuma kunya ba ta barinsa ya ce babu. Rashin lafiya ba ta sallama, wannan kowa ya sani, kuma ba wanda zai zargi ɗan da ya ci bashi mai tsada don a yi wa mahaifiyarsa aiki a asibiti. Amma ragon layya, komawa makaranta a watan Oktoba da ranar biki duk an san lokacinsu tun da watanni. Saƙon da ya isa wata biyu kafin lokaci ana biyan sa daga albashi. Wanda ya isa ana saura kwana uku, galibi kati ne ke biyan sa, kuma jika 280 da aka kashe a yini ɗaya a gida tana iya bin mai aikowa har wata Sallar.

Wanda harajin na Janairu zai kama kai tsaye shi ne wanda ake biya a hannu kuma ba shi da asusu: mai wankin mota, mai kitso, mai kai abinci a keke, musamman wanda takardunsa ba su kammala ba. A gare shi, biyan dala 5 a kan 500 ya fi araha nesa ba kusa ba a kan roƙon wani ya aika masa da katin bashi. Wasu bankuna da ƙungiyoyin ajiya da lamuni suna buɗe asusu da fasfo da lambar biyan haraji ta ITIN, ba sai da lambar inshorar zamantakewa ba. Katin cire kuɗin da ke zuwa da irin wannan asusu yana cikin waɗanda dokar ta keɓe daga harajin, kuma babu la'adar cire tsaba ko ruwa a kansa.